Ma'aunin Mujallun Kiwon Lafiya: Ina Rabon Aderbissinat?

Kowace shekara, cikin watan Yuni, kamfanin Clarivate yakan fitar da wani babban jeri wanda ke nuna darajar mujallun masana na duniya, watau littattafan nan masu fitowa lokaci-lokaci, inda likitoci da malaman jami'a ke buga sakamakon bincikensu. Cikin jerin akwai sashe na musamman domin mujallun kiwon lafiyar jama'a. Kowace mujalla ana ba ta lamba, lambar nan kuwa ita ke nuna ko mujallar tana sahun gaba ko tana sahun baya. Ranar da jerin ya fito, masu mujallun da suka ɗaga sukan yi shela, waɗanda suka sauka kuwa sukan yi shiru.

Mutumin da ke zaune a Aderbissinat, bisa hanyar da ta haɗa Agadez da Damagaram, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma akwai ruwansa. Lambar nan tana da hannu wajen ƙarin girman malaman da ke horar da likitocin ƙasa, tana kuma da hannu wajen zaɓen cutar da za a bincika da wurin da za a bincike ta. Don haka ya kamata ma'aikatan hukuma da duk mai karatu su san yadda ake samun ta, da abin da take aunawa, da abin da ba ta iya aunawa.

Yadda ake lissafin

Al'adar masana ce, duk wanda ya rubuta maƙala ya jera a ƙarshenta sunayen ayyukan da ya dogara da su. Wannan shi ake kira ambato. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield shi ya fara tunanin ƙidaya waɗannan ambato. Ya bayyana tunanin nasa a 1955, ya kafa cibiyarsa a birnin Filadelfiya, sa'an nan a 1964 ya soma fitar da kundin ambato na kimiyya. Tun daga 1975 ake buga jerin mujallu na shekara-shekara. Abin da ake nufi da shi da farko mai sauƙi ne: a san mujallun da suka cancanci shiga kundi, a kuma taimaki masu kula da ɗakunan karatu su san waɗanda za su saya da ɗan kuɗin da ke hannunsu.

Lambar da aka fi sani ita ce ma'aunin tasiri. Ga yadda ake samun ta. A ce wata mujalla ta buga maƙala 100 cikin shekarun 2022 da 2023 haɗe. A cikin 2024 sai masana suka ambaci waɗannan maƙaloli sau 300. Idan aka raba 300 gida 100, ma'aunin tasirin mujallar na 2024 ya zama 3 ke nan. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, shekara biyu kaɗai ake waiwaya. Na biyu, ambaton da ake ƙidayawa shi ne wanda ya fito cikin mujallun da kamfanin ya riga ya shigar a kundinsa mai suna Web of Science.

Akwai wasu ma'aunai masu kama da wannan. Kamfanin Elsevier ya buɗe kundinsa mai suna Scopus a 2004, a 2016 kuma ya fito da nasa ma'aunin, CiteScore, wanda yanzu ke waiwayar shekara huɗu. Wata ƙungiyar masana ta ƙasar Sifen, SCImago, takan raba mujallun kowane fanni aji huɗu, daga aji na ɗaya zuwa na huɗu. A 2005 wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago wata lamba ta auna mutum ɗaya bisa yawan maƙalolinsa da yawan ambatonsu. Dukansu tushensu ɗaya ne: sau nawa masani ya ambaci masani.

Darasin shekarun korona

Annobar korona ta nuna yadda lambar ke bin iska. Mujallar The Lancet ta birnin Landan, wadda aka kafa tun 1823, ma'auninta na 2021 ya zarce 200, domin maƙalolin farko da ta buga kan sabuwar cutar duk duniya ta ambace su. Zuwa 2023 ya sauko ƙasa da 100. Ƙanwarta, The Lancet Public Health, wadda aka buɗe a 2016 domin kiwon lafiyar jama'a, ta haura 70 a 2021, ta dawo wajen 25 a 2023. Gidan da ke buga su bai sake ba, hanyar tantance maƙaloli ma ba ta sake ba. Hankalin duniya ne ya taru wuri ɗaya, sa'an nan ya watse.

Har wa yau, lambar nan matsakaici ce, matsakaici kuwa yakan ɓoye gaskiya. A 1997 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Per Seglen, ya nuna cewa cikin mujallun da ya bincika, kashi 15 cikin ɗari na maƙaloli su ke kawo rabin ambaton. Mujallar Nature da kanta ta bayyana a 2005 cewa kashi 89 cikin ɗari na ambaton da aka lissafa mata sun fito ne daga rubu'in maƙalolinta. Watau maƙala tana iya fitowa cikin babbar mujalla ba wanda ya dube ta, wata kuma ta fito cikin ƙaramar mujalla ta ceci rayuka. Daɗin daɗawa, akwai masu maguɗi: kusan kowace shekara kamfanin Clarivate yakan hana wasu mujallu lamba saboda sun cika ambaton kansu, ko sun haɗa baki da wasu suna ambaton juna.

Yadda ma'aunin ya shigo jami'o'i

A birnin Yamai, cikin watan Janairu na 1968, shugabannin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka yanke shawarar kafa majalisar ilimi mai zurfi da aka sani da suna CAMES, wadda mazauninta ke Wagadugu. Kwamitocinta ke duba takardun malaman jami'a masu neman hawa daga wani matsayi zuwa na gaba, ita ce kuma ke shirya babbar jarrabawar zama farfesa a fannin likita. Cikin abubuwan da ake dubawa har da yawan maƙalolin da malami ya buga, da kuma ko mujallun da ya buga a ciki suna cikin manyan kundaye na duniya. Wannan sharaɗi yana da dalilinsa, gama akwai mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kowane irin shirme ba tare da masana sun tantance ba.

To, amma malamin sashen likita na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko na jami'ar Maraɗi, ko ta Damagaram, mutum ne mai iyali, mai kuma son ci gaba. Idan ya zauna zaɓen abin da zai bincika, dole ya tambayi kansa wace mujalla za ta karɓa, cikin wata nawa, da nawa za a kashe. Amsar wannan tambaya takan kai shi ga majinyatan babban asibitin da ke kusa da shi, ko ga wani babban shiri da kuɗinsa ya zo daga waje. Da wuya ta kai shi rijiyoyin da ke tsakanin Tanut da Agadez.

Nijar cikin manyan mujallu

Gaskiya ita ce sunan Nijar ya sha fitowa cikin mujallun sahun gaba, kuma ƙasa ta amfana. A 2012 The Lancet ta buga wani nazari da ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta ragu daga 226 cikin kowane dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta birnin Boston ta buga sakamakon gwajin da aka yi a Madarunfa, cikin jahar Maraɗi, na wani maganin rigakafin zawon yara mai jure zafin rana, wanda wani kamfanin Indiya ya haɗa. An ga ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kimanin kashi biyu cikin uku, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a 2018. A 2018 ɗin dai wannan mujalla ta buga gwajin raba maganin azitromisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar, cikin gundumomin Boboye da Loga na jahar Doso, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari.

Waɗannan ayyuka sun cancanci yabo, kuma darajar mujallun da suka buga su ta taimaka wajen sa hukumomin duniya su saurara da wuri. Sai dai mai lura zai ga inda aka yi su: ƙasar noma ce, inda garuruwa ke kusa da juna, inda ma'aikaci zai iske uwa da ɗanta yau a gidan da ya bar su wata shida da suka wuce. Irin wannan gwaji yana bukatar dubban yara, da motoci, da firji, da kuɗi mai yawa, jagorancinsa kuwa galibi yana hannun manyan cibiyoyi na Turai da Amurka.

Ƙasar makiyaya

Aderbissinat ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum wajen dubu 35, warwatse cikin ƙasa mai faɗi ƙwarai, yawancinsu Abzinawa da Fulani masu kiwon raƙuma da shanu da awaki da tumaki. Matsalolin lafiyarsu suna da nasu kamanni. Yaron da aka yi wa allurar rigakafi ta farko a bakin wata rijiya, sa'ad da lokacin ta biyu ya zo iyayensa sun yi nisa da garke. Mace mai naƙuda tana iya kwana bisa hanya kafin ta kai gidan likita. Nono shi ne abinci, yana kuma iya zama hanyar da cutar bisashe ke bi ta kama mutum.

Shekarar 2016 ta ba da misali. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum 64 da suka kamu da zazzaɓin Kwarin Rift a yankin Cintabaraden na jahar Tawa, 28 daga cikinsu suka rasu, yawancinsu makiyaya. Cuta ce da sauro ke yaɗawa tsakanin bisashe, tana sa su ɓari, mutum kuma yakan ɗauke ta wajen yanka, ko wajen taɓa abin da dabba ta ɓarar, ko shan ɗanyen nono. Cibiyar Pasteur ta Dakar ce ta tabbatar da ita. Abin ya zo daidai da taron lasar gishiri na Ingal, maƙwabciyar Aderbissinat ta yamma, inda garkuna daga ko'ina ke haɗuwa kafin su watse. Masanan cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, tare da abokan aikinsu, sun buga bayanin annobar a 2019. Ga likitan mutane da likitan dabbobi na jahohin Agadez da Tawa, wannan bayani yana cikin takardun da suka fi bukata. A idon ma'aunin tasiri kuwa ƙaramin aiki ne, domin masanan da ke rubutu kan wannan cuta a wannan yanki ba su da yawa, kuma inda marubuta ba su da yawa, ambato ba ya yawa.

Waiwayen shekara biyu shi ma yana cutar irin wannan ilimi. A 1984 Louis Loutan da abokin aikinsa Lamotte suka buga nazarin da suka yi tsakanin Fulani Woɗaɓe na Nijar, inda suka nuna yadda jikin makiyaya ke ramewa a ƙarshen rani, sa'ad da nono ya yi ƙaranci. Shekara arba'in bayan haka, duk mai tsara taimakon abinci a ƙasar kiwo yana da abin koyo cikin wannan takarda, amma ma'aunin tasiri ya daina ƙidaya ta tun bayan 1986. Haka nan a ƙasar Cadi, tun daga shekarar 2000, hukumomin lafiya da na kiwo tare da wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwis suka gwada haɗa rigakafin yara da mata da rigakafin bisashe a fita ɗaya, bayan da bincike ya nuna cewa garkunan makiyaya sun fi ƴaƴansu samun allura. Dabara ce da ta dace da Aderbissinat, kuma amfaninta ba ya ƙarewa cikin shekara biyu.

Akwai kuma ilimin da ba ya kai wa ga mujalla ko kaɗan. Malaman gidajen likita na karkara sukan cika rajista kullum, su aika rahoton mako-mako na cututtuka irin su sanƙarau da ƙyanda, da rahoton tamowa da na haihuwa. Waɗannan lambobi sukan hau daga gunduma zuwa jaha, daga jaha zuwa ma'aikatar kiwon lafiya. Wanda ya tattara su shi ya fi kowa sanin watan da rijiya kaza ke cika da jama'a da watan da take zama kufai, amma ba a horar da shi rubuta maƙala ba, aikinsa ma bai bar masa lokaci ba.

Harshe da kuɗi

Mafi yawan mujallun da ke cikin manyan kundaye da Ingilishi ake buga su, alhali likitan Nijar da Faransanci ya yi karatu. Idan ya buga da Faransanci, abokan aikinsa na Bamako da Wagadugu za su karanta, amma ambaton zai yi kaɗan. Idan ya buga da Ingilishi, ambato zai ƙaru, amma malamin gidan likita na Aderbissinat ba zai karanta ba. Ban da wannan, yawancin manyan mujallun da ake karantawa kyauta ta intanet sukan caji marubuci, dala dubu biyu zuwa dubu biyar ko fiye, watau sama da miliyan ɗaya na kuɗin sefa. Da yawa daga cikinsu suna yafe wa marubutan ƙasashe matalauta, sai dai ba dukansu ba. Wajen karatu kuwa, shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 ya ba cibiyoyin irin waɗannan ƙasashe damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rangwame.

Mujallun Afirka sun faɗa cikin wani da'ira mai wuyar fita. Da yake lambarsu ƙarama ce, ko ba su da ita, masanan Afirka sukan kai mafi kyaun aikinsu waje. Da yake mafi kyaun aikin ya tafi waje, lambar tasu ba ta ɗagawa. Duk da haka wasu sun nuna cewa ana iya fita. Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato, da Mali Médical ta Bamako, da Pan African Medical Journal wadda aka kafa a 2008 kuma take karɓar Ingilishi da Faransanci, duk sun shiga babban kundin likitanci na PubMed. Dandalin African Journals Online, wanda aka soma a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka. Daga 2023 kuma Clarivate ya faɗaɗa ba da ma'aunin tasiri ga dukan mujallun da ke cikin babban kundinsa, abin da ya buɗe ƙofa ga dubban ƙananan mujallu.

Abin da ya rage a yi

Tiya tana da amfani a kasuwar hatsi, amma ba a auna lafiyar raƙumi da ita. Masana da kansu sun gane haka. Cikin watan Disamba na 2012 wasu daga cikinsu suka taru a San Faransisko suka tsara sanarwar da aka sani da suna DORA, wadda ta nemi a daina amfani da lambar mujalla wajen ɗaukar mutum aiki, ko ƙara masa girma, ko ba shi kuɗin bincike. Dubban cibiyoyi da masana sun sa mata hannu. Garfield da kansa ya yi gargaɗi a kan auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Saboda haka aiki na farko yana wuyan jami'o'i da kwamitocin ƙarin girma: su riƙe sharaɗin tantancewa domin kare kai daga mujallun bogi, amma su karanta aikin da kansa, su kuma ba da maki ga binciken da ya sauya wata ƙa'idar magani ko wani tsarin rigakafi cikin ƙasa, ko da a ƙaramar mujalla ya fito.

Na biyu yana wuyan ma'aikatar kiwon lafiya da ta kiwo: su jera tambayoyin da ƙasa ke bukatar amsarsu, ƙasar makiyaya tana ciki, su kuma sa kuɗi a kai. A taron Bamako na Nuwamba 2008 ƙasashe sun yi kiran a ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatun lafiya domin bincike. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya, ƙasar da ba ta biya ba kuwa sai ta karɓi tambayar wani.

Na uku, a haɗa ɗaliban likita masu rubuta kundin kammala karatu da gundumomin lafiya na arewa, Jami'ar Agadez da aka kafa a 2014 tana taimakawa, domin rajistar gidajen likita ta zama maƙala, sunan malamin da ya cika ta kuma ya fito cikin jerin marubuta.

Na huɗu, duk binciken da aka yi a kan jama'ar wani wuri a mayar musu da sakamakonsa cikin harshensu, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, ta gidajen rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci.

Shi kuwa mai karatu, idan ya ji an ce wata babbar mujalla ta duniya ta faɗi kaza, yana da hakkin yin tambaya uku: ina aka yi binciken, a kan su wa aka yi shi, kuma mene ne ya sake a gidan likitan garinsa bayan an buga shi. Jerin watan Yuni ba ya amsa ta ukun. Amsarta tana cikin rajistar gidajen likita na Aderbissinat da makamantansu, kuma hakkin hukuma ne ta riƙa dubawa.